Cikin da Ya Zama Shaida



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu, tun daga lokacin da ake hayarsu a shagunan unguwa har zuwa yau da ake karanta su a waya, ya san akwai wani babi da kusan kowane marubuci ya taɓa rubutawa. Yarinya ta yi ciki ba aure, saurayi ya zame, ƙawa ta raka ta wani lungu a zubar, daga nan ko dai ta mutu, ko mahaifarta ta lalace ta yi aure ta shekara goma ba ko ɓatan wata. Ni ma na rubuta irin babin nan, kuma duk lokacin da ya fita sai masu karatu su rabu gida biyu. Wasu su ce haramun ne, magana ta ƙare, wasu kuma su ce jikin mace nata ne kamar yadda ake faɗa a Amurka. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya al'amarin ya faɗo daga sama, alhali kuwa yana da tarihi a ƙasar nan tamu, kuma tarihin ya fi gardamar daɗin ji, ya kuma fi ta ciwo.

A ƙasar Ɗambatta aka haife ni, don haka daga can zan ɗauko zancen. Idan mutum ya bar birnin Kano ya kama hanyar Daura, ko ya bi ta Dawanau ya nufi Bichi, zai yi tafiya mai nisa bai ga abin da ake kira daji ba. Gona ce ke bin gona, gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye a tsakiyarsu, kowane 'yan taku ka ga gida. Ƙasa ce da ake noma ta kowace damina ba hutu, da taki ake riƙe ta, a da har jakuna ke ɗauko shi daga birni. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, kowane taƙi na ƙasa ya zama kuɗi. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin Ɗorayi tana ƙauye, ta rubuta yadda cunkoso da rabon gado suka yayyanka gonaki har wasu magidanta suka rasa abin da zai ciyar da su shekara. A irin wannan ƙasa kowane yaro hannu ne a gona, kuma kowane yaro kaso ne a cikin gonar ranar da za a raba ta. Saboda haka tambayar wane ne uban ciki ba ta taɓa zama ƙaramar tambaya a wurinmu ba.

Kakanninmu mata suna da nasu tsarin haihuwa tun kafin wani ya zo da ƙwaya ko allura. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in, wani lokaci ta ƙara watanni. Ana shayarwa kusan shekara biyu, kuma tsofaffin gida suna sa ido kada miji ya matso da wuri. Macen da ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo, takan sha gori a gidan suna da bakin rijiya, a ce ta sa ɗanta ya sha mugun nono. Abin da na tashi ina ji a bakin tsofaffi shi ne, mata iri uku ne ke zuwa wurin ungozoma da dare a rufe da mayafi: mai kwanika, da bazawara, da budurwa. Kuma ba wadda ke buɗe baki ta ce a zubar mata da ciki. Cewa ake yi jini ya ɗauke, a taimaka ya dawo. Tsohuwa ba ta tambaya, mai zuwa ba ta bayani. Wasu sun tashi, wasu kuma daga wannan jiƙo aka kai su makwanci aka ce ciwon ciki ne.

To me malaman zaure suka ce? A nan ne nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin a nan tushen komai yake. Mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda ake karanta Risala da Muhtasar a cikinta daga Madabo har ƙauyen da ya fi kowanne nisa, tana cikin waɗanda suka fi tsanani a kan zubar da ciki. Maganar da ta shahara a cikinta ita ce, da zarar ciki ya shiga ba ya halatta a fitar da shi, ko da bai kai kwana arba'in ba. Idan an busa rai kuwa, wato bayan kwana 120 bisa hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Arba'una, babu saɓani tsakanin mazhabobi cewa haramun ne sai don ceton ran uwa. Wanda ya jawo mace ta yi ɓari akwai diyya a kansa da ake kira gurra, Risala ta ƙiyasta ta da dinari 50 ko dirhami 600, wato ushirin diyyar uwar. Sai dai ko a cikin Malikiyya an samu Imam Lahmi, wanda ya rasu a 1085, da ya halatta fitarwa kafin kwana arba'in, kuma malaman Hanafiyya da yawa sun halatta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Azalu kuwa, wato miji ya zubar da maniyyi a waje, Imam Malik ya halatta shi da sharaɗin sai matar ta yarda. Wannan sharaɗi na yardar mace yana nan a littafi shekara fiye da dubu, amma ban cika jin ana karanto shi a wa'azin gidan biki ba.

Akwai kuma wani hukunci da Malikiyya ta keɓanta da shi a cikin mazhabobi huɗu. A sauran, ba a tabbatar da zina sai da shaidu huɗu ko iƙirari. A tamu, bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce a kanta, sai in ta kawo dalilin cewa tilasta ta aka yi. Wato cikin da kansa yana tsayawa a gaban alƙali ya ba da shaida, kuma shaidar a kan mutum ɗaya tak take faɗawa, tun da namiji ba ya ɗaukar komai a jikinsa da za a nuna.

Amma malaman da suka ajiye wannan hukunci mai nauyi su ne kuma suka bar wata ƙofa a gefensa, ita ce ta kwantaccen ciki. Sun ce ciki yana iya kwanciya a mahaifa ya yi shekara huɗu, wasu suka ce biyar, kafin ya tashi. An ruwaito Imam Malik yana kafa hujja da matar maƙwabcinsa Muhammad bin Ajlan, wadda aka ce takan ɗauki ciki shekara huɗu. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce: idan an saki mace ko mijinta ya rasu, ko ya tafi ci-rani Kurmi ya daɗe, ta zo ta haihu bayan shekara biyu ko uku, ɗan na mijin ne. A yanka rago, a raɗa suna, yaro ya tashi da uba da dangi da kason gona. Ina yarinya na san wata mata a unguwarmu da ake cewa cikinta ya kwanta, ana ta yi mata rubutun sha don ya tashi, kuma da ta haihu ba wanda ya ɗaga gira. Likita zai ce wannan tatsuniya ce, ciki wata tara ne, kuma a fagen likitanci gaskiyarsa. Na kuma yarda da yawa daga cikin malamai da tsofaffi sun gaskata abin har zuciyarsu. Sai dai mutanen da suka ƙididdige cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, suka lissafa idda da kwanakin haila dalla-dalla, ba za a ce musu ba su iya lissafi ba. A ganina sun fi son yaro dubu su samu uba bisa kuskure da a jefe mace ɗaya bisa kuskure. Kuma macen da ta san akwai wannan ƙofa ba ta da dalilin zuwa wurin ungozoma da dare.

Turawa suka ci Kano a 1903. Sun bar alƙalai a kujerunsu, suka hana yanke hannu da jefewa, a 1904 kuma Lugga ya shigo da kundin laifuffuka irin na Ingila don kotunansu. Haka aka yi ta tafiya da doka biyu har aka doshi 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, da wani farfesa daga Landan mai suna Anderson a cikinsu, don a samar wa Arewa kundi guda. Daga nan aka samu Final Kod, aka zartar da shi a 1959, ya fara aiki a 1960. Sashe na 232 a cikinsa ya ce duk wanda ya jawo wa mace ɓarin ciki da gangan, in ba don ceton ranta ba, ana iya ɗaure shi har shekara 14. An kwaikwayo kundin daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860 wanda Turawan Ingila suka rubuta. Abin dariya, in da abin dariya a ciki, shi ne Ingila ta sassauta tata dokar a 1967, Indiya ta sassauta tata a 1971, mu da aka ba mu aro muna nan riƙe da ita.

Ba kasafai ake jin an ɗaure wani da wannan sashe ba. Aikinsa na gaske shi ne ya kori al'amarin daga ɗakin likita zuwa bayan kanti. Mai kuɗi a birni ta san asibitin da za ta je a rubuta mata wankin ciki a kati, ta koma gida da yamma. 'Yar talla daga Makoɗa ko Minjibir sai mai kemis, ko wani da ya taɓa share asibiti ya sayi farar riga.

An yi yunƙurin gyara dokar. A 1981 an kai ƙudiri Majalisar Wakilai ya faɗi, a farkon shekarun 1990 ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti ya sake taɓo zancen aka yi masa ca, Musulmi da Kirista. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da manufar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, wadda a ƙauyukanmu aka ɗauke ta a matsayin zagi. Sannan a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka mutu. Don haka da jita-jita ta tashi a 2003 cewa allurar shan-inna tana hana haihuwa, har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ita zuwa tsakiyar 2004, mutane ba daga sama suka samo tsoronsu ba. Allurar ba ta hana haihuwa, kuma yara da yawa sun shanye saboda wannan dakatarwa. Amma tun daga lokacin duk wanda ya zo ƙauye da maganar mahaifa, ko da tazarar haihuwa ce irin wadda kakanninmu suka yi, sai an fara duba wa ya aiko shi.

Ina gab da gama sakandare Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, Kano ta bi a watan Yuni na 2000 lokacin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso. Na tuna murnar da aka yi, motoci cike da mutane daga ƙauyukanmu zuwa birni, kuma murnar ta talaka ce da ya gaji da zalunci, yana fatan a kama ɓarawon gwamnati. Sai ga shi waɗanda sunansu ya fara zagaya duniya mata ne 'yan ƙauye. Bariya Ibrahim Magazu, yarinya a ƙasar Tsafe, ta yi ciki, ta ce maza uku ne suka tilasta ta, suka musa, ita aka yi wa bulala 100 a watan Janairu na 2001. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, bazawara, kotun Gwadabawa ta yanke mata jefewa a watan Oktoba na 2001, aka sallami namijin, sai a watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sake ta. A cikin watan nan dai kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin wannan hukunci. Wanda ta ambata ya rantse da Alƙur'ani ya tafi gida, ita kuwa jaririyarta na cinyarta, ita ce shaidar. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta.

Duniya ta yi ta kururuwa, wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya suka ƙi zuwa Nijeriya, aka yi ta aiko da wasiƙu daga Turai. Amma ranar 25 ga Satumba, 2003, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke Amina da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, da littattafan zaure aka wanke ta. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun nuna cewa tana da ikon janye iƙirarinta, cewa ba a bi ƙa'idar zaman kotu ba, sannan suka ɗauko kwantaccen ciki: ba ta kai shekara biyar da rabuwa da mijinta ba, don haka ana iya jingina 'yar gare shi. Kotu ta karɓa. Ƙofar da malamai suka bari tun ƙarnoni ita ce ta buɗe.

Ba a jefe ko ɗaya daga cikin matan nan ba. Sai dai ku tsaya ku yi tunanin abin da yarinya 'yar shekara goma sha shida ta koya tana jin labaran nan a rediyon babanta. Ta koyi cewa cikin da ya fito fili shi ke kai mutum gaban alƙali, wanda aka ɓatar a ɓoye ba ya kai kowa. Kuma ƙofar kwantaccen ciki ta bazawara ce, budurwa ba ta da tsohon mijin da za a jingina wa. A shekarun nan ne wata yarinya da muka yi makarantar allo tare ta fara zubar da jini da daddare, uwarta ta ɓoye ta kwana biyu don tsoron bakin mutane, a rana ta uku aka ɗora ta a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da ita, zuwa asibiti. Ba ta kwana ba. A wurin zaman makoki aka ce shawara ce. Wanda ya yi mata cikin yana nan, ya yi aure, yana da 'ya'ya, har yakan tsaya a sahun gaba.

Irinta ba su da iyaka. Cibiyar Guttmacher da abokan aikinta na Nijeriya sun ƙiyasta an zubar da ciki 610,000 a ƙasar nan a 1996, a 2012 kuma miliyan 1.25. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a tsawon rayuwarta. Likitoci sun daɗe suna lissafa zubar da ciki ta muguwar hanya cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, tare da zubar jini da jijjiga. Kuma da yawa daga cikin masu zuwa asibiti da irin wannan matsala matan aure ne, masu goyo a baya, wato kwanikar nan dai ta zamanin kakanni, sai dai yanzu ba goyon ciki mai tsawo, ba tsohuwar da za ta tsaya a ƙofar ɗaki.

Ni ba na cikin masu cewa a buɗe ƙofa kowa ya shiga. A zaure na yi karatu, kuma na yarda abin da ke cikin mahaifa yana da alfarma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce duk Musulmin duniya bakinsu ɗaya a kan kowane ciki, domin ba haka ba ne. Tunisiya, ƙasar Malikawa, ta halatta zubarwa a watanni ukun farko tun 1973. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ba da fatawa a 1990 cewa ana iya zubarwa kafin kwana 120 idan likitoci amintattu sun tabbatar da mummunar nakasa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo a 2004, wadda ta yarda a zubar idan fyaɗe ne ko lafiyar uwa na cikin haɗari, amma ba a shigar da wannan cikin dokokinmu ba. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta faɗaɗa tata dokar a 2021. A 2022, shekarar da kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973, Legas ta fitar da jagora ga likitoci kan abin da doka ta riga ta halatta, ba a yi wata guda ba gwamna ya dakatar da shi saboda surutu.

Inda maganar ta fi tsaya mini a rai shi ne fyaɗe, domin yanzu ba labarin littafi ba ne. A 2015 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta ce mata 214 daga cikin waɗanda aka duba a sansanonin Borno suna da ciki, aka yi 'yar gardama a jaridu kan abin da ya kamata a yi musu, aka watse. A Zamfara da Katsina an shafe shekaru ana kwashe mata zuwa daji, a 2025 kuma 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, wato ƙasar Kano ta kan iyaka, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga gidanmu. Sudan, wadda muka kwaikwayi kundinta, ta sa a dokarta ta 1991, wadda aka rubuta da sunan shari'ar Musulunci, cewa macen da aka yi wa fyaɗe tana iya zubarwa in cikin bai wuce kwana 90 ba. Sashe na 232 namu bai ambaci fyaɗe ba. Matar da aka sace da kaka, dangi suka sayar da gona da hatsi suka fanso ta bayan wata biyu, ta dawo ta tarar kwana arba'in ɗin Imam Lahmi sun riga sun wuce, na Hanafawa saura mata wata biyu, mijinta yana zaure yana lissafi da yatsunsa, mai kemis kuma yana bakin kasuwa.